Magana A Kan Ziyarar Tsohon Aboki A Kwanakin Kirsimeti

Da sunan Allah nake farawa, Mai rahama ga bayinSa duka a duniya, Mai keɓance muminai da jin ƙai a lahira. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa mai karatu, Allah Shi datar da mu da kai, dalilin rubuta waɗannan takardu wata tafiya ce da na yi a cikin Jimada Sani na 1445, wanda ya yi daidai da ƙarshen Disamba na 2023. Na tashi daga nan Kuki na tafi Kaduna a mota, daga Kaduna na shiga jirgin ƙasa zuwa Kubwa ta ƙasar Abuja, domin in gano wani tsoho da na sani tun shekara 43 kafin wannan tafiya. Tsohon nan Kirista ne, kwanakin kuwa kwanakin Kirsimeti ne. Da na komo gida, sai wani daga cikin manyan almajiraina, mai kaifin fahimta da kishin addini, ya dakata bayan an tashi daga karatun asuba, ya durƙusa ya ce, "Allah Shi gafarta Malam, zuciyata ba ta natsu da tafiyan nan ba." Na ji daɗi da ya faɗa a gabana, domin waɗansu sun faɗa a bayana. Na amsa masa da abin da ya sawwaƙa a lokacin, daga baya na ga mas'alar ta fi ƙarfin zama ɗaya, kuma ni kaina ina da buƙatar in auna abin da na aikata.

Ba za ka fahimci mas'alar ba sai na ba ka asalinta. A watan Disamba na 1980 ina saurayi ɗan shekara 20, ina karatu a Zariya, na yi niyyar tafiya gabas domin in gyara tilawata wajen alarammomin Barno. Zamanin nan jirgin ƙasa yana da ƙarfinsa, domin daga 1979 zuwa 1982 Indiyawa ne aka ɗauko suna tafiyar da reluwe. Hanyar Maiduguri, wadda aka gama a 1964, tana bi ta Kaduna da Kafancan da Bauci da Gwambe. Na shiga tarago da gafakata da allona da buta, kaina yana ɗan sarawa, na ce iskar hunturu ce. Kafin mu kai Kafancan zazzaɓi ya kayar da ni, har ban san lokacin da aka sauke ni aka kwantar a dandamalin tasha ba.

To, ka tuna wane wata ne wannan. Kwanakin nan ne fitinar Maitatsine take ci a Kano, wadda hukuma ta ce an rasa rayuka fiye da 4,000 a cikinta. Duk wanda aka gani da allo da gafaka a tasha, ido yana kansa, kuma Musulmi da yawa sun wuce ni ba su tsaya ba. Ban zarge su ba, da ni ne a tsaye wani a kwance, ban san abin da zan yi ba. Wanda ya tsaya wani ma'aikacin reluwe ne mutumin ƙasar, ya girme ni da kamar shekara 8. Ya saɓa ni a kafaɗa ya kai ni ɗakinsa a barikin ma'aikata, ya kira malamin asibiti ya yi mini allura, uwarsa ta dinga dama mini kunu. Kwana 9 na yi a ɗakin nan, Kirsimeti ta same ni a kan tabarmarsa. Shi yake cika mini buta, shi ya tafi wajen Hausawan gari ya tambayo mini alƙibla, kuma naman da zai ba ni wajen mahautan Musulmi yake sayowa, ban roƙe shi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da na warke ya yankar mini tikiti da kuɗinsa. Tun ranar yake kirana Almajiri, ni kuwa ina ce masa Yaya.

Shekarun da suka biyo baya nakan kai masa ziyara bayan kaka. In hau mota zuwa Funtuwa, in shiga jirgin da ke zuwa daga Ƙauran Namoda, wanda dogonsa yake nan tun 1929, in sauya a Zariya. Sa'an nan rikicin Kafancan ya auku a watan Maris na 1987, wutarsa ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, ƙafata ta yi sanyi. Aka mayar da shi Kaduna da aiki, rikicin Fabrairu na 2000 ya raba garin biyu, Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kiristoci suka tattara kudu, shi ma ya ƙetare gada ya koma Sabon Tasha. Jirgin ƙasa kuma ya yi ta lalacewa har ya zama ba abin dogaro ba. Ba mu yi faɗa ba, ba mu yi sallama ba, muka wayi gari shekara 20 da ɗoriya ba wanda ya ga wani. Daga baya 'ya'yanmu suka haɗa mu ta waya.

Fasali

Farkon abin da almajirina ya ce shi ne, tunda ga waya, mene ne amfanin wahalar da jiki? Wannan tambaya ta shafi kowane tsohon aboki, Musulmi ne ko waninsa, saboda haka bari in tsaya a kanta.

Ka sani, abokin da ka yi bayan ka girma ya san ka da rawaninka. Ya same ka ana ce maka Malam ko Alhaji, yana gaishe ka a kan wannan, kai ma kana zama da shi a kan wannan, har ka wayi gari ka gaskata cewa haka aka haife ka. Tsohon aboki kuwa ya gan ka kana kuka don yunwa, ya ji ka kana kakare wa a Baƙara, ya san riga guda gare ka. Zama da shi magani ne na girman kai wanda ba ka samunsa a littafi, kuma ina tsammanin shi ya sa mutum idan ya sami ɗaukaka yakan ji nauyin zuwa wajen abokan ƙuruciyarsa, ya ce aiki ya yi yawa, alhali abin da yake gudu shi ne idon da ya san shi.

Shari'a ta girmama tsohon alkawari ƙwarai. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Hadiza da nama bayan rasuwarta da shekaru. Kuma Imamu Muslimu ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gamu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakinsa, ya cire rawaninsa ya ba shi, abokan tafiya suka yi mamaki, ya gaya musu uban mutumin nan abokin Umar ne. To, idan abokin uba yana da haƙƙin jaki da rawani, ina ga abokinka na kanka? Muslimu ya kuma ruwaito labarin mutumin da ya tashi daga garinsu zuwa wani gari domin ziyarar ɗan'uwansa, Allah Ya tsayar masa da mala'ika a hanya ya tambaye shi ko akwai wata ni'ima da yake bi, ya ce babu sai so saboda Allah, aka yi masa albishir da son Allah. Wannan hadisi a kan 'yan'uwantakar imani yake, ba zan ja shi zuwa inda bai je ba. Amma ka lura, a kan hanya mala'ikan ya tare shi, yana cikin tafiya, ƙura a ƙafarsa.

Ban raina waya ba, ni'ima ce, ta sada zumuntar da ta yanke. Aibinta guda, tana sauƙaƙa wa mutum ɓoye halinsa. Kowa ka kira zai ce lafiya lau, kuma mu Hausawa an rene mu a kan haka. Shekara 3 Yayan nan yana ce mini lafiya lau alhali idanunsa suna tafiya, ban sani ba sai da na tsaya a gabansa na ga yana neman inda muryata take fitowa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 na Hijira, ya ƙidaya haƙƙoƙin abota guda 8 a cikin Ihya'u, daga cikinsu akwai taimako da jiki wajen biyan buƙata tun ba a roƙe ka ba. Yaya za ka biya buƙatar da ba ka gani ba, mai ita kuwa kunya ta hana shi faɗa?

Akwai abin da ya fi wannan ciwo a gare ni. Ina da wani aboki Musulmi, tare muka yi karatun Ishmawi da Risala a Zariya, ya zauna a Rigasa ta Kaduna. Kowace shekara nakan ce masa ina nan tafe bayan Salla, shi ma ya ce Allah Shi kawo ka. Da daminar 2023 ya rasu, ta'aziyyarsa ma ta waya na yi. A tafiyan nan gidansa na kwana, babban ɗansa ya shimfiɗa mini buzun ubansa, ya ce, "Baba, kullum yana cewa kana tafe." Ban sami abin da zan ce masa ba.

Fasali

Sa'an nan ya ce, hanya ba lafiya, kuma Alƙur'ani ya hana mutum jefa kansa cikin halaka. Wannan magana gaskiya ce, ba wanda zai gaya wa mutumin ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari abin da ɓarayin daji suka yi. Mun ga an kwashe ɗaliban makarantar Ƙanƙara a 11 ga Disamba na 2020. Jirgin da na hau shi ma bai tsira ba: an buɗe hanyarsa a watan Yuli na 2016, tsawonta kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, a daren 28 ga Maris na 2022 aka fasa dogon a tsakanin Katari da Rijana, aka kashe mutane, aka shiga daji da fiye da 60, na ƙarshensu su 23 ba su fito ba sai a watan Oktoba. Jirgin bai komo aiki ba sai 5 ga Disamba na wannan shekara.

Jawabi shi ne, malamanmu na Malikiyya ba su rataya hukunci a kan yiwuwar halaka ba, domin tana yiwuwa ko a kan gado. Sun rataya shi a kan rinjayen zato. Shaihu Halilu a cikin Muhtasar, a babin Hajji, ya daidaita tafiyar teku da ta tudu, sai fa idan halaka ce ta fi rinjaye a cikinta. Da wannan ma'auni na auna. Na tambayi direbobin tashar Dutsin-Ma wace hanya ake bi a makon nan, na fita bayan rana ta ɗaga, muka bi ta Funtuwa da Zariya, na isa Kaduna kafin magariba. Na rubuta bashin da ke kaina da wanda nake bi, na ba uwargida takardar. Da an ce mini ana tare hanya kowace rana, da ban fita ba, kuma da zamana shi ne daidai. Ziyara mustahabbi ce, tsare rai wajibi ne, kuma wanda tsoro ya zaunar da shi a gida babu zargi a kansa ko kaɗan.

Sai dai akwai wata ɓarna ta mutanen dajin nan da ba a lissafa ta idan ana lissafin gawa da kuɗin fansa. Sun koya mana zama. Biki a aika da kuɗi ta waya, mutuwa a yi gaisuwa ta waya, yaro ya tashi bai san gidan gwaggonsa ba alhali tsakaninsu tafiyar sa'a guda ce. Kuma tsoro idan ya daɗe yakan zama mafakar kasala: hanya ta yi sauƙi, mutum yana nan yana cewa ba lafiya, ga shi kuwa ranar kasuwa ba ya fashi. Na sami kaina a cikin wannan, domin a shekarun da nake cewa ba hanya na je Kano sayen littattafai ba sau ɗaya ba.

Fasali

Yanzu mun zo ga mai nauyin, wato addinin mutumin da kwanakin da na zaɓa. Ka natsu a nan, domin wurin santsi ne ta gefe biyu.

Aƙidarmu a kan Annabi Isa, aminci ya tabbata a gare shi, ba ta da lauje cikin naɗi: bawan Allah ne kuma ManzonSa, an haife shi ba uba da ikon Allah, uwarsa Maryamu tsarkakakkiya ce, ba ɗan Allah ba ne, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Kirsimeti kuwa idi ne na addini, an gina shi a kan abin da muke kore wa Allah. Saboda haka Musulmi ba shi da rabo a cikin ibadar ranar, ko shiga waƙoƙinta, ko riƙon ta a matsayin idinsa. Ibnul Hajji, mai littafin Madhal, wanda ya rasu a 737 na Hijira, ya tsananta wa Musulmin Masar a kan shiga bukukuwan Nasara, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya dogara da littafin nan ƙwarai a cikin Ihya'us Sunna. Ban zo in sassauta abin da suka tsananta ba.

Amma idi daban, mutum daban. Allah Ya bayyana a cikin Suratul Mumtahana cewa bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba, da yi musu adalci. To, ina ga wanda ya shigar da ni gidansa ranar da nawa suka wuce ni? Asma'u 'yar Abubakar uwarta ta zo mata Madina tana mushirika, aka umarce ta da ta sada ta. Annabi ya je duba wani yaro Bayahude da ke yi masa hidima da ya kwanta ciwo. Wanda ya fi kama da hali na shi ne labarin Muɗ'imu ɗan Adiyyu, wanda ya ba Annabi mafaka da ya komo daga Ɗa'ifa, ya mutu bai musulunta ba, amma bayan yaƙin Badar Annabi ya ambace shi, ya nuna da yana raye ya nemi a saki fursunonin da an sakar masa su. Buhari ya ruwaito wannan. Kafircin mutumin bai shafe alherinsa daga zuciyar Annabi ba.

Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 na Hijira, ya ware wa mas'alar nan babi a cikin Furuƙu, ya rarrabe tsakanin kyautatawa da aka halatta da soyayyar da aka hana. Abin da na fahimta daga gare shi, tausasa wa mai rauninsu, da ciyar da mai yunwarsu, da taushin magana saboda rahama, da tsare mutuncinsu a bayan idonsu, da roƙa musu shiriya, duk kyautatawa ne. Abin da aka hana shi ne wanda ke nuna yarda da addininsu ko girmama alamominsa. Duba tsoho makaho da kai masa gero da zuma, ka gaya mini a wane ɓangare ya faɗa.

Idan ka ce, to me ya hana ka jira Janairu ya yi nisa? Sai in ce wannan ita ce tambayar da ta fi kama ni, kuma almajirina ya yi ta. Dalilan zahiri suna nan. Tsohon yana hannun ɗansa ma'aikaci, wanda ba ya samun sarari sai a hutun ƙarshen shekara, shi ne kuwa zai tarye ni a tasha. Mu nan an gama kaka, an kai amfani rumbu. Gwamnatin Tarayya kuma ta sanar da shiga jirgin ƙasa kyauta daga 21 ga Disamba na 2023 zuwa 4 ga Janairu na 2024, jikana ya yankar mini tikitin ta intanet da lambar katin ɗan ƙasa. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai dalili na baɗini. A irin waɗannan kwanaki ya ɗauke ni daga dandamali, duk shekara idan hunturu ya buso aka fara maganar Kirsimeti a rediyo sai ɗakin nan ya faɗo mini a rai. Na tuhumi zuciyata a kan wannan, na tambaye ta, ranar kike girmamawa ko mutumin? Domin in fita daga shubuha sai na bar ranar 25 da ta 26 suka wuce, na sauka gidan ranar 27, an gama zuwa coci, baƙi sun ragu. Jira kuwa na ƙara wata guda, ni na san abin da jira ya yi mini a Rigasa.

Game da taya murna da idin, malamai sun yi saɓani. Ibnul Ƙayyim ya hana da kakkausar magana, waɗansu malaman wannan zamani sun yi rangwame ga maƙwabci mai zaman lafiya. Ni na tsaya a kan barinsa, ban furta ba, shi ma bai nema ba, shekara 43 bai taɓa nema ba. Na yi masa barka da ganin juna, na roƙa masa sauƙin ido. Abinci kuwa, Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, sai dai an ruwaito Imamu Malik ya karhanta abin da suka yanka domin idinsu da majami'unsu. Ban ko buɗe baki ba, surukar gidan ta ce, "Baba, kazar nan yau aka yanka ta, mai gadinmu Musulmi ne ya yanka." Ashe tsohon ne ya umarta tun da dare.

Akwai inda almajirina ya fi ni hujja, dole in sallama masa. Ya ce malami ba kamar kowa ba ne, ana kallon ƙafarsa, jahili zai ji an ce Malam ya tafi Kirsimeti, ba zai ji ranar 27 ba, ba zai ji Ƙarafi ba, gobe sai ka gan shi a wurin rawa da giya yana cewa ai Malam ma ya je. Wannan toshe kafa ne, asali ne babba a mazhabarmu, ban iya ture shi ba. Abin da na iya shi ne in bayyana, shi ya sa nake rubutu. Amma na gaya masa abu guda a kaina. Shekarun da na ƙi zuwa, na riƙa gaya wa kaina tsantseni ne. Da na bincika sai na tarar mafi yawansa tsoron bakin mutane ne, kada a ce malamin Kuki yana abota da arne, kalmar da ba ta ma dace da Ma'abocin Littafi ba. An ruwaito daga Fulailu ɗan Iyali cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Na daɗe ina karantar da wannan magana ban san da ni take ba.

Bari in ɗan faɗi jirgin, tunda yaranmu da yawa ba su taɓa ganinsa ba, dogo bai taɓa biyowa ta ƙasarmu ba, ko na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairu na 2021 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya aka zana shi. Jirgin da na sani dā mai jinkiri ne, kujerun katako, yana tsayawa har ka sauka ka yi alwala ka yi salla ka sayi rake. Kwana biyu a tarago guda, dole ka san sunan maƙwabcinka, ku ci a kwano ɗaya. Na yanzu sa'a biyu da wani abu ne, sanyin na'ura kamar ba hunturu a waje, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Na yi sallata ƙasaru kafin in shiga, tunda tafiyar ta wuce mil 48 da Risala ta ambata. Taragon cike yake da masu komowa daga biki, yara da sababbin tufafi. Da muka doshi Rijana sai na ji surutu ya ɗauke, na duba, ina jan carbi, matar da ke gefena ta rufe ido leɓɓanta suna motsi. Da muka wuce ta buɗe jaka ta miƙo mini lemo, na karɓa.

A Kubwa ɗansa ya tarye ni, ya karɓi buhuna. Na yi sallama a ƙofar ɗaki, tsohon yana zaune a kujera, ya karkata kai ya ce, "Wa nake ji kamar Almajiri?" Na ce, "Ni ne, Yaya." Ya ce, "Ka zo biyan kuɗin tikitina ke nan?" Jikokinsa suka yi ta dariya, ba su taɓa jin an kira mai farin gemu haka ba. Ya laluba fuskata da hannu, ya ce na tsufa. Muka ƙidaya waɗanda muka sani, mafi yawa sun riga mu. Na tambayi uwarsa, ya ce ta rasu tun 1994, kuma har ta mutu tana tambaya ko yaron nan ya kai Barno. Na nemi gafararsa a kan shekarun da na yi ban zo ba. Ya ce shi ma bai zo ba, kuma a 1987 ya ji tsoron Funtuwa kamar yadda na ji tsoron Kafancan.

Kwana biyu na yi. Sun ba ni ɗaki, sun ajiye buta a ƙofa, ɗan ya nuna mini masallacin unguwa. Daren ƙarshe, da muka rage mu biyu, na faɗa masa abin da ke wuyana in faɗa, na kira shi zuwa ga Musulunci da mafi taushin lafazin da na iya, domin ba zan ce ina ƙaunar alheri ga mutum ba sa'an nan in ɓoye masa abin da na yi imani shi ne tsira. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Almajiri, ka faɗa mini wannan a 1980 kana rawar ɗari, na gode a lokacin, na gode yanzu. Ni ma ina yi maka addu'a a wurina." Ban ƙara ba, shiriya ba a hannuna take ba. Wannan shi ne abin da na komo da shi mai nauyi, har yau ina sa shi a addu'ar sujada, kamar yadda ya halatta a roƙa wa mai rai shiriya.

Da safe ya ce lalle sai ya raka ni tasha, ɗansa ya riƙe masa hannu. Ya tsaya yana sauraron ƙarar injin, ya ce wannan ba irin nasu ba ne, nasu tun daga nesa yake gane wane direba ne ta yadda yake busa. Na cusa masa kuɗi a aljihu na ce na tikiti ne, ya laluba ya ciro ya mayar mini, ya ce bashin ya zauna, domin in sake dawowa.

Almajirina da ya ji duk wannan ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya gamsu da halaccin ziyarar, amma da shi ne da ya bari sai tsakiyar Janairu. Na ce masa wannan ra'ayi ne mai fuska, ban hana shi ba. Ya nemi izini ya kwafi takardun nan da hannunsa, na ba shi, da sharaɗin kada ya cire maganarsa daga ciki.

Allah ne Mafi sani. Tammat.